Tarwada ta tara kitse, hanta ta koɗe, ina matsalar take?

Wani bawan Allah daga Rigasa ya turo min tambaya, yace tarwadarsa wata biyar a tankin siminti, ya yanka biyu sai ya ga ciki dam da farin kitse, hantar kuma ta koɗe ta yi ruwan ɗorawa tana dagargajewa a hannu. Wai abincin buhu ya yi tsada shi yasa yake haɗa musu garin masara da kayan cikin kaji.

To Malam ai ka faɗi matsalar da bakinka. Kitse ba ya narkewa a jini, kamar dai mai ne da ruwa, don haka sai hanta ta naɗe shi cikin furotin tukuna jini ya iya ɗaukarsa, wannan ƙunshin shi ake kira lipofurotin. A cikin ire-irensa akwai VLDL da ke kwashe kitse daga hanta ya kai wa tsoka, akwai HDL da ke dawo da kolestarol hanta, kuma a yawancin kifaye HDL ɗin ne ya fi yawa a jini. To kai ka cika su da masara, sitacin da ya yi musu yawa hanta ce ke mayar da shi kitse, ga na kaji ka ƙara, furotin da sinadarin kolin da za a yi naɗin da su kuma sun yi kaɗan, kaya sun yi yawa babu motar ɗauka, dole su taru a hanta. Wallahi abin na damuna don irin wannan kifin shi ne ke saurin mutuwa ranar da ka canza ruwa ko ka loda shi a jarka za ka kai kasuwa, kuma masu banda ba sa sonsa, a wuta nauyin ke tsiyayewa.

Ka koma abinci mai furotin kashi 35 zuwa 40, mai kuma kar ya wuce kashi 10 zuwa 12. In kai ke haɗawa ka sa garin kifi da waken suya da aka gasa, ka sa firimis, wato garin haɗin bitamin da ake zubawa a abinci, mai kolin da bitamin E, kayan cikin kajin nan ka cire kitsen ka dafa kafin ka zuba. Buhun da ya fara warin tsohon mai ka rabu da shi, shi ma yana lalata hanta. Sannan ka san sanyin Kaduna na Disamba da Janairu, ruwa na yin sanyi narkewar abinci na raguwa, ka rage musu abinci ka bari sai rana ta ɗaga ka zuba.

Hajiya daga Mando da ke tambayar ko ta hana iyayen kifi mai gaba ɗaya, a'a Hajiya kar ki yi. Hantar mace ce ke haɗa wani lipofurotin mai suna bitelojenin, jini ya kai shi cikin ƙwai ya zama gwaiduwar da 'ya'yan za su rayu a kai kwana 3 na farko. Ki ɗan sa man kifi mai kyau a abincinsu tun makonni kafin ki yi musu allurar sakin ƙwai.