Manhajar da ba ta zo da littafin jagora ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon kayan gyaran babur a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Bara na sayi manhajar lissafin kaya wadda wani matashi ya rubuta, ya saka mini ita a kwamfuta, ya koya mini aikinta a yini ɗaya. Yanzu ya yi tafiya, kuma tun ranar da wuta ta ɗauke ina tsakiyar shigar da kaya, manhajar ta ƙi buɗewa, ba ni da ko takarda ɗaya da zan duba. Shin haka duk manhajoji suke?
Mai karatu daga unguwar Birni

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo sauƙi. A shekarun 1990 manhaja takan zo cikin kwali, da faifanta da littafi mai kauri. Daga baya aka mayar da bayanin cikin kwamfutar, inda mutum zai danna maɓallin F1 ya karanta. Yau kuwa, da yake kamfanoni suna sabunta manhajojinsu a kai a kai, sun kwashe yawancin bayanin zuwa intanet, har ma a sababbin Word da Excel, abin da ke cutar da wanda yake ƙirga kuɗin intanet ɗinsa kafin ya kunna.

Matsalarka ta fi wannan nauyi, domin taka ba ta da bayani a ko'ina sai a ƙwaƙwalwar wanda ya rubuta ta. Masu rubuta ƙananan manhajoji sukan tsallake wannan aiki saboda ba a biyansu a kansa, kuma abin da suka saba da shi sukan ɗauka kowa ya sani. A ganina wannan tauye haƙƙin mai saye ne, domin wanda ya damƙa lissafin dukiyarsa ga manhaja ya cancanci sanin inda take ajiye shi.

Kada ka goge ta, kada kuma ka bari a sake saka ta kafin masani ya kwafe dukkan jakar fayilolin da take ciki a kwamfutar zuwa kan filashi, domin sau da yawa lissafin yana nan, fayil ɗaya ne ya lalace. Idan ka samu matashin a waya, ka nemi ya rubuta maka, ko da shafi uku ne, inda bayanan lissafinka suke, yadda ake ajiye kwafinsu da yadda ake dawo da su. Kai ma ka tanadi littafi kusa da kwamfutar, da boko ko da ajami, kana rubuta duk matakin da aka nuna maka da duk saƙon da ya bayyana a allo, harafi da harafi.

In kuwa sai an canza, manhajar LibreOffice kyauta ce, ana iya sauke bayanan jagorarta na Faransanci sau ɗaya a riƙa karantawa ba tare da intanet ba, kuma ɓangarenta na Calc, mai aiki irin na Excel, zai ɗauki lissafin shago irin naka.