Amsa: An ce ina da ciwon hanta na C, in fara magani ko in jira?

Ɗan'uwa ka ce an gwada jininka an ga ciwon hanta nau'in C, kana tambaya ko ka fara magani ko ka jira tunda ba ka jin ciwon komai. Ka fara, kar ka jira. Wannan ba irin na B ba ne da ake fama da shi shekara da shekaru, shi C yana warkewa ƙaƙaf, ƙwaya ce ake sha sau ɗaya a rana, yawanci sofosbuvir haɗe da daclatasvir na sati 12, kuma sama da kashi 95 cikin 100 na masu sha suna rabuwa da shi. Rashin jin ciwon ma kar ya ruɗe ka, a ɓoye yake cin hanta har ta ƙandare mutum bai sani ba.

Amma fa kafin ka kashe ko kwabo ka tambayi likita wane gwaji aka yi maka, don wannan na tsinke da ake ɗiga jini yana nuna cutar ta taɓa shiga jikinka ne kawai, alhali kusan kashi 30 cikin 100 na masu kamuwa jikinsu ke kashe ta da kansa. Gwajin PCR, mai neman ƙwayar cutar kanta a cikin jini, shi ke nuna ko tana nan, yana da tsada kam amma dole ne. Da yayana zai fara nasa maganin sai da likita ya sa aka duba masa na B tukunna, saboda maganin C na iya tayar da B in yana kwance, sannan ya hana shi jiƙe-jiƙen gargajiya gaba ɗaya har ya gama. Allah ya ba ka lafiya.