Abin da Goya yake gani a fuskar mutum

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa mutanen da Goya, mai zanen ƙasar Sifen, ya zana suke kamar ana leƙa zuciyarsu. A ganina, bai taɓa bari ado ya ɓoye mutum ba.

Nemi zanen Kontesa (sarautar mata ce a Turai) ta Chinchón na 1800, yana gidan zane na Prado a Madrid. Matar Godoy ce, wanda shi ne mai faɗa-a-ji a fadar Sifen, kuma tana da juna biyu a lokacin. Goya ya zaunar da ita cikin duhu, ba labule, ba kayan alatu a bayanta. Ta haɗa hannuwa a cinya, ta kawar da ido gefe, ga zangarniyar alkama a kanta. Kunya da kaɗaici sun bayyana ƙarara, har tausayinta yakan kama ni.

Ka tuna ciwon da ya kwantar da Goya wajen 1793 ya bar shi kurma. Ina jin wanda ba ya ji dole ya iya karanta fuska. Duba kuma na 1820, inda ya zana kansa a galabaice, ya damƙe mayafi, likitansa Arrieta ya tallafe shi yana ba shi magani. Wannan yana Minneapolis a Amurka, amma akwai shi a intanet.