Amsa ga mai monstera da ta yi yaushi bayan sauya tukunya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce kwana 10 kenan da kika ciro monstera ɗinki, shukar adon nan ta cikin ɗaki mai manyan ganye masu tsaga-tsaga, daga 'yar robar da kika saye ta a ciki kika mayar da ita wata ƙatuwar tukunya, yanzu ganyen duk sun sunkuya, biyu na ƙasa sun koma ruwan ɗorawa, kullum safe da yamma kina ba ta ruwa har taki kin ƙara mata amma abin sai gaba yake yi. To dan Allah kafin komai ki ajiye butar nan tukuna. Shukar nan ba ƙishi take ji ba, ruwan ne ma yake neman kashe ta.

Abin da yake ruɗa mutane, har ni ya ruɗa ni, shi ne shukar da ƙishi ya kama da wadda ruwa ya yi wa yawa kamanninsu ɗaya, duk yaushi suke yi. Saiwa tana numfashi, iska take samu a 'yan ƙananan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, in ruwa ya cike ramukan nan ya zauna kwana da kwanaki sai ta shaƙe ta fara ruɓewa, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya jan ruwa ta kai wa ganye, sai ganye ya langaɓe, ke kuma ki ga ya langaɓe ki ce wayyo ruwa take so ki ƙara kwarara mata. Kinga an shiga zagaye kenan. Ita kuma ƙatuwar tukunyar ita ce ta haɗa rigimar tun farko, domin 'yar saiwar da ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba an binne ta cikin ƙasa fal, ba mai shanye ruwan da ke gefe-gefe da can ƙasa, saman yana bushewa ya yaudare ki amma ciki caɓi ne.

Ni ta farkon da na taɓa riƙewa haka na yi mata sak. Na ce bari in ba ta wadataccen wuri ta sake ta yi girma da wuri, kuma in huta da sauye-sauye, garin neman gira na rasa ido. Sati uku na yi ina lallaɓa ta da ruwa, ranar da na gaji na ciro ta wani wari ne ya buge ni kamar na kwata, saiwar da na taɓa sai ta saɓule a hannuna ta bar wani siririn zare. Reshe ɗaya na tsira da shi, na yanka ƙasa da gaɓa na sa a kwalbar ruwa ya fitar da sabuwar saiwa, shi ne wanda nake da shi yanzu ya kusa taɓo silin.

Ga abin da zaki yi yau ɗin nan. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, ko ma ki samu siririn tsinke ki soka shi har ƙasa ki bar shi minti kaɗan ki zaro. In ya fito da ɗan danshi kawai, babu wari, kuma tukunyar tana da huji a ƙasa, to da sauƙi, wahalar dashe ce haɗe da yawan ruwa, ki bar ta kawai ta sha iska kar ki sake ba ta ko ɗigo sai saman ƙasar kamar santimita 4 zuwa 5 ya bushe. Amma in tsinken ya fito da laka sharkaf, ko kin ji tsami-tsami, ko kin ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna tashi in kin taɓa ƙasar, to ki ciro ta. Na san za a ce miki sake taɓa ta sau biyu cikin sati biyu wahalar da ita ne, gaskiya ne, amma barin ta cikin wannan taɓon ya fi muni.

In kin ciro ki kakkaɓe jiƙaƙƙiyar ƙasar a hankali da yatsu ki duba. Lafiyayyar saiwar monstera fara ce ko ta ɗan yi ruwan ƙasa-ƙasa, mai kauri, in kin matsa zaki ji ta da ƙarfi. Duk wadda ta yi baƙi ta yi laushi tana yauƙi ki datse ta da almakashi har inda kika ga fari, ki riƙa goge almakashin da sifirit saboda kar ki kwashi cutar daga wannan ki kai wa waccan. Kar ki ji tausayi a nan, wadda ta ruɓe ba ta dawowa.

Sai tukunya. Ki auna da saiwar da ta rage, ba da ganyen ba, faɗinta ya fi dunƙulen saiwar da santimita 3 zuwa 5 kawai, in ma kin yanke da yawa tsohuwar robar tata ta isa, ki wanke ta da sabulu ki mayar. Huji a ƙasa dole ne. In waccan babbar kyanta ne ya ja ki, ki zura ƙaramar a cikinta don ado, in kin ba da ruwa ki fito da ita ta gama tsiyayewa. Ni yanzu na fi son ta yumɓu wadda ba a shafe ta da fenti ba saboda jikinta yana fitar da danshi, ta dace da masu saurin hannu wajen ban ruwa irina, ta roba kuma ta fi daɗewa da laima.

Maganar zuba tsakuwa a gindin tukunya wai don ruwa ya wuce, wanda ya sayar mini da ta farkon shi ya koya mini kuma na daɗe ina yi, ba ta da amfani. Ki jiƙa soson katifa ki ɗora shi kan tsakuwa ki gani, ruwan ba ya sauka, yana nan maƙale a ƙasan soson. Haka ƙasa take yi, abin da tsakuwar ta yi kawai ta ɗago jiƙaƙƙen wurin ya matso kusa da saiwa. Gyaran a cikin haɗin ƙasar yake. Monstera asalinta dazuzzukan kudancin Meziko ne har zuwa Panama, can bishiyoyi take hawa, saiwarta ta saba da ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itace inda ruwan sama ke zuba ya wuce nan take, ba ta san dunƙulalliyar ƙasa mai nauyi ba. Ni kashi uku nake yi daidai wa daida, ƙasar tukunya ta buhu, gutsattsarin ɓawon itace ko na kwakwa, sai farin dutsen nan mara nauyi da ake kira palayit, wani lokaci in ɗan farfasa gawayi in watsa. In kin damƙa haɗin da ɗan danshi kin saki ya wargaje to ya yi, in ya tsaya curi guda ki ƙara ɓawo.

Wajen zaunar da ita kar ki binne kara ya wuce inda ƙasa ta tsaya masa a da, kuma kar ki danne ƙasar da ƙarfi, ki ɗan bubbuga gefen tukunyar ta zauna da kanta. In zaki sa mata sandar hawa yanzu ne lokacin, tun kina ganin saiwa da idonki, ba sai daga baya ki zo ki soka ki tsinka ba.

Da yake daga ruɓa ta fito, ki bar ta kwana biyu ko uku kafin ruwan farko, sannan ki ba ta sosai har ya fito ta ƙasa ki zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashin tukunyar. Daga nan babu ranar ban ruwa, yatsa ne zai gaya miki, wani lokaci kwana 6 wani lokaci ya haura 10, ya danganta da zafi da hasken ɗakin. Taki kuma ki manta da shi sati 4 zuwa 6, gishirin da ke cikinsa ƙona yankakkiyar saiwa yake yi, in kin dawo ma ki fara da rabin abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Ki ajiye ta kusa da taga mai haske sosai amma rana ba ta dukan ganyen kai tsaye, labule mai shara-shara ya wadatar, nesa da bakin na'urar sanyaya ɗaki, tana jin daɗinta tsakanin digiri 18 zuwa 29. Kuma ki zaɓa mata wuri ɗaya ki ƙyale ta, ba yau falo gobe baranda ba.

Ganyen nan biyu da suka koma ɗorawa sun tafi, ba za su sake yin kore ba, ki jira su ƙarasa ki cire, wataƙila ma wani ya bi su kar hankalinki ya tashi. Wata guda ko biyu za ta iya yi tsit ba sabon toho, aikin a ƙasa take yinsa. Saiwoyin da ke fitowa a jikin kara suna reto kar ki yanke, ki lanƙwasa su cikin ƙasa ko ki jingina su da sandar. Sannan ruwan jikinta yana sa ƙaiƙayi, ki wanke hannu bayan yankan, abin da kika datse kuma ki kwashe shi daga inda yaro ko mage za su kai baki domin yana ƙona baki da harshe.

In kin ciro ta ki ɗauki hoton saiwar kafin ki fara yanka ki turo, tare da tukunyar a gefe don in ga girmanta, sai in gaya miki ko tsohuwar robar za ta koma ko a nemo wata.