Tsarabar Tailan: yadda ake gane aikin hannu na gaske

A 'yan makonnin nan wasiƙu huɗu suka zo mini a kan abu ɗaya, wato tsarabar da mutum zai riƙo idan ya je ƙasar Tailan. Na haɗa su wuri guda, na kuma taƙaita tambayoyin.

Daga wata Hajiya a Kano: Zan raka maigida Bankok watan gobe. Ɗana zai yi aure, ina so in sa silikin Tailan a lefe, amma an ce mini jabu ya fi na gaske yawa. Yaya zan gane?

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba. Yawancin gyalen da ake shimfiɗawa a bakin titi ana cewa siliki ne, zaren roba ne da inji ya saƙa. Ni ma a zuwana na farko na ɗauko guda uku a wata rumfa saboda araha. Da na dawo gida na zare zare ɗaya na kusanta shi da ashana, sai ya narke ya dunƙule kamar leda. Abin ya yi mini ciwo, don na riga na ba mahaifiyata ɗaya na ce mata siliki ne.

Ki fara da hannu. Silikin Tailan na asali daga ƙwanson tsutsa mai launin rawaya ake jawo zarensa, kuma idan da hannu aka jawo, kaurinsa ba ya zama ɗaya. Za ki ji 'yan gudaji nan da can a jikin yadin, kamar yadda ake ji a saƙin tsamiya na gida. Kada ki ɗauka aibi ne, shaidar hannu ce. Yadin da ya yi sumul tun daga kai har gindi, shi ne abin tuhuma.

Sai ido. Ki fito da yadin bakin ƙofa inda hasken rana yake, ki karkata shi. Masaƙan can sukan sa zaren tsaye launi ɗaya, na kwance wani launin, don haka yadin yana sauya kala idan kika juya shi, yanzu ja, anjima ruwan goro. Na roba fari fat yake ƙyalli ta kowace fuska. Idan mai zane ne, ki juya bayansa. Akwai saƙin da suke kira matmi, na mutanen Isan a arewa maso gabashin ƙasar, wuraren Khon Kaen da Surin. Zaren ake ɗaurewa a rina shi tun kafin a hau masaƙa, zanen yana fitowa ne yayin saƙa. Shi ya sa gaba da baya iri ɗaya ne, bakin zanen kuma yana da ɗan dishi-dishi. Wanda aka buga da inji bayansa a koɗe yake.

Gwajin wuta shi ne raba gardama: siliki yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murmushewa a yatsa. Mai kayan kirki ba ya jin haushi idan kika nemi a ƙona zare ɗaya daga bakin yadi.

In ba ki son wannan wahalar, ki nemi tambarin ɗawisu, wanda hukumar ƙasar ke ba silikin da ta tantance. Launi huɗu ne. Mai ruwan zinariya shi ne ƙololuwa: tsutsar gida, zaren hannu, saƙin hannu. Mai ruwan azurfa yana biye da shi. Shuɗi siliki ne zalla, amma an yarda da rinin zamani da inji. Kore gauraye ne da wani zaren. Kantunan gidauniyar da Sarauniya Sirikit ta kafa a 1976 don tallafa wa masu sana'ar hannu na karkara su ma abin amincewa ne, kuma farashinsu a rubuce yake.

Akwai wurin da nake so ki je ko da ba za ki sayi komai ba. Sunan Jim Thompson za ki yi ta gani a manyan kantuna. Ba'amurke ne da ya fitar da silikin Tailan kasuwannin duniya bayan yaƙin duniya na biyu, ya kuma ɓace a Malesiya a 1967. Gidansa yanzu gidan tarihi ne a tsakiyar Bankok. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, masaƙan da suka fara yi masa aiki Musulmi ne 'yan ƙabilar Cham, mazauna unguwar Ban Krua, tsallaken magudanar ruwan da ke bayan gidan. Yau gidajen da suka rage suna saƙa ba su da yawa. Ki tsallaka gada ki bi lungu, ƙarar masaƙa za ta kai ki. Akwai masallaci a unguwar, in azahar ta same ki. Kuɗin da kika ajiye a can yana shiga hannun wanda ya zauna a kan masaƙar.

Abu ɗaya da mata kan manta: saƙin hannu yawanci gwargwadon zanen ɗaurawa ɗaya ake yanka shi, kusan mita biyu, ba turmi mai yadi shida irin na atamfa ba. In riga da zane da ɗankwali kike so, ki nemi a ba ki daga saƙi ɗaya, domin rini biyu ba sa taɓa zama daidai. Ki kuma gaya wa amarya kada a murje shi da omo, kada a shanya a rana.

Daga wani matashi ɗan kasuwa a Maraɗi: Ina zuwa kasuwar Pratunam da ke Bankok sarin tufafi, kwana biyu kawai nake samu na hutu. Me zan saya wa Baba da Inna da abokai? Kuɗin ba yawa.

Ɗan'uwa, Pratunam wurin sari ne, kayan masana'anta ne a can, kada ka ɓata lokacinka kana neman aikin hannu a ciki. Idan hutun ya faɗo Asabar ko Lahadi, ka hau jirgin ƙasa na sama ka sauka a tashar Mo Chit, ka shiga kasuwar Chatuchak. Rumfuna dubbai ne, lunguna sun yi kama da juna, zafi kuma yana tsananta da rana ta ɗaga. Ka je da safe, ka riƙe tsabar kuɗi, ka sa hasumiyar agogo da ke tsakiya ta zama alamarka. Abin da ka gani ya kwanta maka, ka gama cinikinsa a nan take, don da wuya ka sake gane rumfar.

Baba dai ka san ba siliki za ka kai masa ba. Ka nema masa yadin auduga mai rinin baba. Lardin Sakon Nakhon ya yi suna a wannan, haka ma Phrae da ke arewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina zai gane ƙamshin nan take, don ganyen shuni ne da toka, ana tsomawa ana fiddawa iska ta mayar da koren shuɗi. Yana da sanyi a jiki, ya dace da zafinmu. Zai ɗan zuba a wankin farko, a wanke shi shi kaɗai. In kuma Baba mai zaman tabarma ne, akwai matashin jingina mai kusurwa uku da ake yi a lardin Yasothon, cike da audugar rimi. Tsoho zai ji daɗinsa ƙwarai, amma yana cin wuri a jaka, sai ka sa shi cikin kayan da za ka aika.

Inna kuwa, tangaran ɗin da suke kira benjarong zai ƙawata mata kayan jere. Ma'anar sunan launi biyar. Ka shafa yatsa a kai: na hannu fentinsa yana da tudu, furannin kuma ba sa zama iri ɗaya sak. Mai araha hoto ne aka manna aka gasa. Ƙaramin kwano ɗaya mai murfi na gaske ya fi saiti guda na manne. Ka kuma lura da alamar OTOP, shirin da gwamnatinsu ta fara a 2001 na kowace gunduma ta fito da sana'arta, ana ba kayan tauraro daga ɗaya zuwa biyar.

Wandunan nan masu hoton giwa da kowane baƙo ke sawa ba kayan gargajiya ba ne. Ka sayo wa abokai in suna so, amma ka san abin da ka saya.

Ciniki ba sai na koya wa mutumin Maraɗi ba. Bambancin kawai, a can ɗaga murya abin kunya ne, kuma da ka kushe kaya mai shi zai rufe fuska, cinikin ya mutu. Da murmushi ake yi, da na'urar lissafi a tsakani: ya danna nasa, ka danna tayinka. Ka riƙe kalma biyu, "tao rai" wato nawa ne, da "lot noi dai mai" wato a ɗan rage mana. Ragi ya fi samuwa idan ka haɗa abu uku ko huɗu a rumfa ɗaya. Amma ina roƙonka, idan ka ga tsohuwa ce da saƙinta na hannu, kada ka matse ta kamar yadda kake matse dillali. Zane ɗaya na iya cin mata makonni.

Daga wata malamar jami'a a Zariya: Taro zai kai ni Chiang Mai. An ce can ne cibiyar sana'ar hannu. Azurfa nake so da kayan katako.

Malama, kin yi sa'a, don a can za ki ga masu aikin da idonki. Maƙeran azurfa suna titin Wualai, kudu da tsohuwar ganuwar birnin, kuma duk Asabar da yamma ake rufe titin ya zama kasuwa. Ranar Lahadi wata kasuwar ke ci daga ƙofar Tha Phae zuwa cikin gari. Ki duba lambar 925 a jikin awarwaro ko sarƙa, ma'ana kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce. Ta 'yan ƙabilar Karen ta fi wannan tsarki, shi ya sa ta fi laushi, ta fi fari, kuma za ki ga sawun guduma a kanta. Lamba ana iya buga ta a kan kowane ƙarfe, don haka ki sa a auna a gabanki, ki riƙe ɗan maganaɗisu a jaka. Abin da ya manne masa ba azurfa ba ne. Manyan kwanonin nan masu sassaƙa da ake sayarwa da araha, da yawansu alminiyam ne. Suna da kyau, amma a biya kuɗin alminiyam.

A ƙauyen Bo Sang, gabas da birnin, ake yin lema da gora da takardar ɓawon itace, ana zana mata furanni da hannu. Ƙarama ba ta da nauyi, yara suna son ta.

Kan katako zan ja miki kunne. Ban Tawai, a yankin Hang Dong, ƙauyen masassaƙa ne guda, kuma aikinsu yana ɗaukar ido. Sai dai ƙasarsu mai laima ce, tamu kuma kin san hunturun Zariya. Na taɓa kawo akushin itacen mangwaro mai kyau, ya yi damina lafiya, a watan Janairu cikin dare muka ji ƙas, da safe ya tsage daga baki har gindi. Ki tambaya ko an busar da itacen a tanda, ki zaɓi ƙanana marasa kauri, ki riƙa shafa musu mai da zarar iska ta juya. Idan an ce miki tik ne, wato wani katako mai daraja, amma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ki yi shakka, domin tun 1989 aka hana sare itace a dazuzzukan ƙasar, tik na kirki ya yi tsada.

Daga wani Alhaji a Yamai: Abokina ya ce wani mai tuk-tuk ya kai shi kantin duwatsu masu daraja na gwamnati, ana rangwame. Ya ce in je in saro in sayar a gida. Me kuke gani?

Alhaji, don Allah kada ka je. Tsohuwar damfara ce da aka daɗe ana gargaɗi a kanta. Wani mai fara'a zai tare ka kusa da fadar sarki ya ce yau a rufe take, ya haɗa ka da mai a-daidaita-sahun da suke kira tuk-tuk, a zagaya da kai, a ƙare a kantin da "yau ce ranar ƙarshe ta rangwame". Gwamnati ba ta da irin wannan kanti. Dutsen ko dai gilashi ne, ko na gaske maras daraja da aka ninka wa kuɗi. Cinikin yakutu na gaskiya yana nan a garin Chanthaburi, har da 'yan Afirka ta Yamma a cikinsa, amma mutane ne da suka shekara suna duba dutse da madubi. Idan abokinka ya riga ya saya, ya adana rasit. Lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido 1155 ce.

Tunda maganar ta zo, akwai abubuwan da ba a ɗauka ko da kyauta. Hauren giwa, komai ƙanƙantarsa, fita da shi laifi ne, kuma kamu a filin jirgi ba wasa ba ne. Jakar fatar kada tana buƙatar takardar izini. Kayan tarihi da mutum-mutumin Buddha ba sa fita sai da izinin hukumar kula da kayan tarihi, su kuma mutanen ƙasar abin bautarsu ne, ba sa son a mai da shi adon falo.

Idan ka yi sayayya a babban kanti mai alamar mayar wa baƙi haraji, akwai kashi 7 cikin ɗari na harajin kaya da kake iya neman wani abu daga ciki. Sai ka kashe aƙalla baht 2,000, wato kuɗin ƙasar, a kanti ɗaya a rana ɗaya, ka nuna fasfo a cike maka takardar P.P.10 tun a ranar, ka kuma bar ƙasar ta jirgin sama cikin kwana 60. Rumfunan kasuwa ba sa cikin tsarin. Ka ajiye kayan da takardun a saman jaka, ka isa filin jirgi da wuri, don jami'an kwastam suna iya cewa ka nuna musu kafin ka ba da kaya awo.