Rarar kuɗin cefane: ta uwargida ce ko ta maigida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, maigidana yana ba ni naira 6,000 kullum na cefane, mu bakwai ne a gidan. Da na ga kaya sun ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai na daina aiken yara shagon unguwa. Mukan haɗa kuɗi da maƙwabtana biyu a sayo mana kwandon tumatir a kasuwar 'Yankaba mu raba, in yanka nawa in shanya. Manja da daddawa da gishiri kuwa na koma sayen na wata guda a lokaci ɗaya. Yanzu kusan kullum sai naira 1,000 ta yi rara, ina zuba ta a adashi, shi kuwa bai sani ba. Abinci bai ragu ba, bai taɓa ƙorafi ba. Na riga na ɗauki adashin sau ɗaya, na fara tara wa 'yata kayan ɗaki. Wata ƙawata ta ce haram nake ci. Ina tsoron in na faɗa masa ya rage kuɗin. Mene ne hukuncina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, tattalin da kike yi abin yabo ne, babu ja a kansa. Allah ya siffanta bayinsa na ƙwarai a Suratul Furƙan, aya ta 67, da cewa idan za su ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro, suna tsayawa tsakani. Sayen abinci da yawa lokacin araha a ajiye wa iyali ma ba ya cikin irin ɓoye kaya da shari'a ta hana, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Annabi (SAW) yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda. Adashi kuma mafi yawan malaman zamaninmu sun halatta shi, matuƙar abin da mutum ya zuba shi zai ɗauka ba ƙari. Inda maganar take shi ne naira 1,000 ɗin nan: ta wa ce?

Hukuncin yana bin yadda kuɗin ya shigo hannunki. Da a ce ya ware miki wani abu ya ce wannan naki ne, na sabulu da man shafawa da ƙananan buƙatunki, to ya zama mallakarki. Ki kashe ko ki ajiye, ba ruwan kowa. Amma kuɗin cefane ba haka yake ba. Ya ba ki ne don ki sayo abincin mutum bakwai, wato ke wakiliyarsa ce a wannan sayayya, kuɗin kuma amana ne a hannunki. Abin da ya rage a hannun wakili na wanda ya wakilta shi ne, ko da wayon wakilin ne ya jawo rarar.

Akwai hadisin da ya yi kama da labarinki ƙwarai. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Urwa ya iya ciniki, sai ya sayi biyu da dinarin, ya sayar da ɗaya a kan dinari guda. Ga shi nan riƙe da akuyar da aka aike shi, ga kuma dinari cif a tafin hannunsa, wanda da ya sa a aljihu babu mai sani. Sai ya kawo duka biyun. Annabi ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa, har aka ce ko turɓaya ya saya sai ya ci riba. Kin ga ƙwarewar ta Urwa ce, amma dinarin na mai aike ne. Ƙa'idar kuwa tana cikin hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito: dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Wannan daɗin ran ba lallai sai an furta shi kullum ba. A gidaje da yawa maigida yakan ce "riƙe canjin", ko ya san sarai matarsa na jefa 'yar rara a asusu, ya gani ya yi murmushi ya wuce. Malamai suna ɗaukar irin wannan al'ada a matsayin izini. Sai dai amsarki tana cikin tambayarki. Kin ce bai sani ba, kuma kina tsoron in ya sani ya rage kuɗin. Wanda kike ɓoye wa abu don kin san zai iya ƙi, ba za ki ce ya yarda ba. Naira 1,000 a kullum ma ba canjin da ake kau da kai a kansa ba ne. A wata guda ta kai 30,000.

Na san wasu mata za su kawo hadisin Hindu 'yar Utba, wadda ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, Annabi ya ce ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon yadda aka saba. Hadisi ne ingantacce, yana cikin Bukhari da Muslim. Amma an yi wa Hindu izini ne don ta cike giɓin ciyarwar da aka tauye mata. Ke kuwa da bakinki kika ce abinci yana isa har da saura. Kayan ɗakin 'ya buƙata ce ta gaske, duk uwar da ta aurar da ɗiya a ƙasar Hausa ta san nauyinta, amma ba ta cikin abin da wannan hadisi ya buɗe ƙofarsa.

Ban ce ƙawarki ta yi daidai duka ba. Ke ba ɓarauniya ba ce, kuma ba daidai kike ba da wadda take ce wa miji kwanon shinkafa ya tashi alhali bai tashi ba, ko wadda take tsinka miya da ruwa, ta rage naman yara don ta cika zubin adashi. Wannan ƙarya ce da ha'inci, haramcinsu a fili yake. Ke kin yi ne bisa zaton guminki ne, don haka muna fatan babu zunubi a kan abin da ya wuce kafin ki sani. Amma rashin sani ba ya mayar da dukiyar wani taki. Abin da ya wajaba shi ne ki sanar da shi, har da adashin da kika riga kika ɗauka. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi hankalinsa ya kwanta, ki fito da kayan ki jera a gabansa, ki ce ga abin da tattalin ya haifar, kuma 'yarsa aka saya wa. In ya yafe ya bar miki, ya zama halal tsantsa, na baya da na gaba. In ya ce a mayar da rarar cikin hidimar gida, haƙƙinsa ne. Kuna ma iya yin yarjejeniya ku yanka wani kaso ya zama naki.

Ga maigida kuma, in wannan amsa ta iske shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da kasuwa ta zama. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil, sun ce ciyarwa tana bin ƙarfin miji da matsayin mata da garin da ake zaune da kuma farashi, wato kuɗin cefanen bara ba dole ya zama na bana ba. Matar da ta tsaya a rana tana yanka tumatir, tana korar kaji daga shanya, har ta fitar da rara a irin wannan lokaci, in ka saka mata da rage kuɗi ka koya mata ɓoyo da hannunka. Shari'a ba ta tilasta maka barin rarar ba, amma ni a ganina ka bar mata, ko aƙalla rabi, ka kuma faɗa mata da bakinka don zuciyarta ta natsu.

Allah ne mafi sani.