Ƙasaru: nisan jirgi za a duba ko nisan mota?

Tambaya: Malam, aiki yana kai ni wani gari da ke bayan tsauni. A mota kilomita 115 ne saboda titin zagaye yake yi, amma idan muka tafi a jirgi mai saukar ungulu bai fi kilomita 60 ba. Da wanne zan auna ƙasaru?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ana auna tafiya ne da hanyar da mutum ya bi, ba da wadda ya bari ba. Ranar da ka bi titi ka yi ƙasaru, ranar da ka hau jirgin ka cika sallarka.

Asalin ƙasaru yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101. Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun ƙayyade nisan da baridi 4, wato farsahi 16, wato mil 48. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Ibn Abbas yana ƙasaru a kwatankwacin tsakanin Makka da Ɗa'ifa, ko Usfan, ko Jidda. Da aka mayar da wannan kilomita sai lissafi ya ɗan saɓa, daga kusan 80 zuwa 89, saboda saɓani kan tsawon mil. Kilomita 115 ta haura duka, 60 kuwa ba ta kai ko ɗaya ba.

Mas'alar ba sabuwa ba ce. Malaman fiƙihu sun yi magana kan garin da ake isa gare shi ta tudu da ta ruwa, kowace hanya da hukuncinta. Sai dai Malikiyya sun sa sharaɗi: wanda ya bar gajeriyar hanya ya ɗauki doguwa ba tare da uzuri ba, ba zai yi ƙasaru ba. Rashin jirgi, tsadarsa, ɗaukar kaya, tsoron hatsari, duk uzuri ne. Wanda ya zagaya don kawai ya rage raka'a biyu shi ake hanawa.

Sauri ba ya sauya komai. Wanda jirgi ya kai shi kilomita 500 cikin awa guda matafiyi ne, ko da bai gaji ba, domin an rataya hukuncin a kan tafiya ne, ba a kan wahala ba.

Wurin awo ne mutane suka fi kuskure. Taswirar waya tana ƙirgawa daga ƙofar gidanka, shari'a kuwa daga ƙarshen gine-ginen garinka take farawa. A babban birni wannan kaɗai yana iya cinye kilomita 20. Ba a haɗa zuwa da dawowa. Amma idan za ka yi wani yanki a mota zuwa filin jirgi da ke wajen gari, sannan ka ƙarasa a sama, ana haɗa su, tunda tafiya ɗaya ce da niyya ɗaya.

Idan filin jirgin yana cikin gine-ginen gari, ka cika sallarka a can, ko da ka riga ka karɓi takardar shiga jirgi.

Wasu malamai, irin su Ibn Taimiyya, suna ganin ba a ƙayyade nisa da lamba, duk abin da al'ada ta kira tafiya shi ne tafiya. Magana ce mai ƙarfi, amma a irin halinka na fi natsuwa da ƙayyadewar mafi yawan malamai, don ta fi sauƙin kiyayewa. Idan ka isa da niyyar zaman kwana 4 cikakku, ƙasaru ta yanke ko ta wace hanya ka zo.

Wallahu a'alam.